Bututun Agadem da Man da Ake Sha a Jarka

Tun daga shekarar 2024 ɗanyen man Nijar yake tafiyar kusan kilomita 2,000 a cikin bututu, daga rijiyoyin Agadem da ke jihar Diffa zuwa tashar ruwa ta Seme kusa da Kwatano a Jamhuriyar Benin, inda jiragen dakon mai suke ɗaukarsa zuwa kasuwannin duniya. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ya gina shi, an fara aikin a 2019, kuma an tsara shi ya ɗauki ganga 90,000 a rana, ƙari a kan ganga 20,000 da ƙasar take haƙowa tun 2011. Abin da ke damuna game da wannan babban aiki shi ne, a watan Maris na 2025, lokacin da bututun yake kan aiki, masu motoci da babura a Yamai da sauran manyan garuruwa sun yi ta dogon layi a gidajen mai suna neman fetur ba su samu ba.

Dalilin wannan ƙarancin ba ɓoyayye ba ne. Nijar tana da matatar mai guda ɗaya, wato SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, CNPC yana da kashi 60 a cikinta, gwamnati tana da kashi 40. Ganga 20,000 kawai take iya tacewa a rana, kuma ba a faɗaɗa ta ba duk da cewa jama'a da ababen hawa sun ƙaru sosai. Shekaru da dama giɓin bai fito fili ba, domin man fasa-ƙwauri daga Najeriya, wanda ake kira ruwa-ruwa, yana cike shi. Duk wanda ya bi hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko Maigatari zuwa Damagaram, ya san jarkoki da kwalaben da ake jerawa a bakin titi. A wancan lokacin gwamnatin Najeriya tana biyan tallafi domin man ya yi araha a gida, 'yan kasuwa kuma suna tsallakawa da shi inda ya fi tsada, har jami'an kamfanin SONIDEP da ke rarraba mai a Nijar suka ce wannan man ya kai kusan rabin abin da ƙasar take sha.

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin, farashi ya ninka a Najeriya, ribar fasa-ƙwauri ta ragu ƙwarai. A Yulin 2024 kuma gwamnatin soja a Yamai ta rage farashin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, matakin da ya faranta wa jama'a rai amma ya ƙara tura kowa zuwa gidajen mai, ya ɗora wa matatar Damagaram nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Da abin ya yi tsanani a Maris na 2025, daga Najeriya aka nemo tankokin mai domin a sassauta lamarin, alhali a lokacin dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami.

Shi kansa bututun bai kawo wa Nijar 'yancin da aka yi ta alkawari ba, domin ƙasar da ba ta da teku, idan ta shimfiɗa bututu, ta miƙa wa maƙwabciyarta mabuɗin arzikinta ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Benin ta rufe iyaka. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hukumomin Janar Abdourahamane Tiani suka ƙi buɗe nasu ɓangaren na gadar da ke tsakanin Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin, suna zargin cewa akwai sansanonin Faransa a Benin da ake shirya musu maƙarƙashiya, zargin da Benin ta musanta. Shugaba Patrice Talon na Benin ya mayar da martani a watan Mayun 2024 ta hanyar hana jirage lodin man a Seme, sai da Sin ta shiga tsakani kafin jirgin farko ya tashi. A watan Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, Yamai ta rufe bututun daga nata ɓangaren, kuma a cikin watan ne wata ƙungiyar 'yan tawaye mai suna FPL ta ɗauki alhakin fasa wani sashe nasa. Sai a Agusta aka ci gaba da fitar da man. Duk wannan ya faru ne bayan gwamnatin ta riga ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a watan Afrilu, bashin da za a biya da man da bai fita ba tukuna, da kuɗin ruwa na kashi 7 cikin 100.

Akwai wata hanya da aka taɓa shatawa, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. A Yulin 2018, a gaban Muhammadu Buhari da Mahamadou Issoufou, Najeriya da Nijar suka sa hannu kan yarjejeniyar gina bututu daga Nijar zuwa wata sabuwar matata a jihar Katsina. Da an yi wannan aikin, da ɗanyen man ya yi gajeriyar tafiya zuwa kasuwa mafi girma a yankin, wato Kano da Katsina da Sakkwato da Kaduna, waɗanda har yau tankoki ne suke jawo musu mai daga kudu ta hanyoyi masu tsawo da haɗari, sannan a mayar da wani kaso na tataccen man zuwa Maraɗi da Tawa a hukumance. Ba a gina matatar ba, ba a kuma shimfiɗa bututun ba.

Ba na ganin laifin Nijar ita kaɗai a wannan. Kamfanin da ya zuba biliyoyin daloli yana son man ya isa teku inda za a biya shi da dala, ba ya son ya dogara da mai saye guda ɗaya. Ita kuma Najeriya ba ta nuna wani abin da zai ba da ƙwarin gwiwa ba: matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, mai iya tace ganga 110,000 a rana, ta daɗe ba ta aiki, kuma bututun da ke kawo mata ɗanyen mai daga yankin Warri ya sha fasawa a hannun ɓarayi. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa fiye da shekara guda, a Nuwamban shekarar kuma ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, matakin da ya jefa mutanen garuruwan kan iyaka cikin wahala ba tare da ya kashe fasa-ƙwauri ba. Bayan juyin mulkin 2023 ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Mai shawara a Yamai da ya ga waɗannan abubuwa yana da hujjar yin ɗari-ɗari da bututun da zai ƙare a hannun Abuja.

Duk da haka ina ganin lissafin da aka yi ya fifita kuɗin shiga na baitulmali a kan buƙatar mai amfani da man. Rabon gwamnatin Nijar daga man da ake fitarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma manomin da ke ban ruwa da injin famfo a fadamar Ƙonni, ko ɗan kabu-kabu a Damagaram, ba ɗanyen mai yake saye ba. Abin da zai taɓa rayuwarsa shi ne faɗaɗa matatar SORAZ, da kuma rubutacciyar yarjejeniya ta dogon lokaci tsakanin SONIDEP da masu tace mai a Najeriya, musamman yanzu da matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana ta fara fitar da fetur tun Satumban 2024. Ya kamata irin wannan yarjejeniya ta fayyace adadin tankoki da farashi da ƙofofin shiga, ta kuma ƙunshi sharaɗin cewa ba za a dakatar da ita ba saboda saɓanin siyasa tsakanin Abuja da Yamai, domin irin saɓanin da ya tsayar da lodi a Seme zai iya tsayar da tankoki a Jibiya da Illela.