Rabon ruwa a Birkatul Mauz

Yau da hantsi na bi gefen tsohuwar magudanar ruwa ta Falaj al-Khatmain a Birkatul Mauz, wani ɗan gari a ƙasar Oman, gindin dutsen Jabal Akhdar. Ba inji ba famfo, gangara ce kawai ke jawo ruwan daga ƙarƙashin ƙasa har cikin gonakin dabino da ayaba. Can ciki na tarar da wani dattijo tsugune inda magudanar ta rabu biyu, ya naɗe hannun riga, yana ta duban agogo. Lokaci na cika ya ɗaga dutse da tsumman da aka toshe baki ɗaya da su, ya mayar ɗaya bakin, ya danna da tafin hannu. Nan take ruwa ya bar gonarsa ya nufi ta maƙwabci. Maƙwabcin bai ma iso ba, kuma gindin dabinon ƙarshe na dattijon bai gama jiƙa ba.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Da lokaci ake rabon ruwan nan, kowa da nasa. Kafin zuwan agogo, inuwar sanda ake aunawa da rana, da dare kuma a dubi taurari. A 2006 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa magudanar cikin magudanai guda 5 na Oman da ta ɗauka a matsayin kayan tarihin duniya, kuma ta cancanta. Gini in ya tsage, kuɗi za su gyara shi. Damuwata wa zai gaji dattijon nan, don yawancin manoman da na gaisa da su a hanya masu furfura ne.