Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Auta da Jarrabawar Suleja

A makon jiya na tsaya a inda muka koma gidan haya a Tudun Wadan Zariya, na kafa keken ɗinkina a zaure. Yau labarin Auta ne.

Tun yana aji uku na firamare na lura kan yaron nan daban yake wajen lissafi. Wata rana wata mata ta kawo atamfa turmi uku a ɗinka wa 'ya'yanta huɗu. Ina cikin ƙirge da yatsu sai na ji muryarsa daga ƙarƙashin tebur: "Umma, yadi 18 ne. Idan kowa ya ci huɗu, saura biyu." Matar ta leƙa ta ce tubarkalla.

Amma duk ƙarshen zango, katin sakamakonsa kala biyu yake zuwa da shi. Lissafi na ɗaya, Turanci jan biro. Na sha kiransa malalaci, har na taɓa dukansa a kan haka, abin da har gobe yake ci mini rai.

Da ya shiga aji shida, malaminsa na lissafi ya yi sallama gidanmu bayan La'asar. Shi ya ba mu labarin makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya da ke Suleja a jihar Neja, wadda aka buɗe a 1990, zamanin Janar Babangida. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta, yara daga kowace jiha suna zama, wanda ya ci kuma gwamnati ke ɗaukar nauyin karatunsa. Sai ya sassauta murya: "Sai dai, Hajiya, ba lissafi kaɗai ake yi ba. Lissafin ma da Turanci ake tambayarsa."

Da dare babansu ya ce, "Kada ki ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Idan ya faɗi, wa zai lallashe shi?" Ban ga laifinsa ba. Shi ma jarrabawa ɗaya ce ta raba shi da boko, kuma har yau ba ya son zancen. Na ce, "Malam, ka ba ni mako guda in gwada shi."

Malamin ya aiko da tsofaffin takardun tambayoyi. Na shimfiɗa tabarma, na haska fitilar waya, na miƙa wa Auta. Inda lambobi ne zalla, kamar ya sha ruwa. Da ya iso tambayoyin da ke da dogon bayani sai fensirin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon layi ɗaya, leɓensa na motsi, hawaye ya ɗiga a kan takardar. Yayarsa, wadda ke sakandare a lokacin, ta karɓa ta fara karanta masa da Hausa: wani manomi ya sayar da kashi ɗaya cikin huɗu na buhunan masararsa 60. Ba ta kai ƙarshe ba ya ce, "Saura 45."

Ta karanta masa goma, ya ci goma. Ni kuwa na tashi na shige ɗaki, don kada su ga fuskata. Ashe duk shekarun nan yaron ya san amsa, tambayar ce ba ya ji, ni kuma ina binsa da bulala.

Washegari muka zauna da yayar tasa muka tsamo kalmomin da suka fi yawan dawowa: mai nufin jimilla, mai nufin saura, mai nufin a raba daidai, mai nufin riɓi biyu. Muka rubuta su a jikin kwalin sabulu, na rataye a kan keken ɗinki. Ina taka keke yana haddacewa. Bayan Magariba kuma ya karanta wa yayarsa shafi ɗaya da ƙarfi, ko da gargada ne. Cikin wata biyu lissafin zube ya daina ba shi tsoro. Fahimtar dogon labari da Turanci kuwa tana nan tana ja masa ƙafa, kuma na san ba a gyara ɓarnar shekara biyar a wata uku.

Ana saura kwana biyu a rufe rajista, ina neman wadda zan ranci kuɗi a wajenta, sai babansu ya shigo ya ajiye takarda a kan keken bai ce komai ba. Ashe ya je shagon intanet ya biya, har da hoton Auta a jiki.

Yadda ranar jarrabawar ta kasance, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.