Alhamdulillah na dawo gida, ga godiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Yau kwana goma sha biyu kenan da dawowata Kaduna daga Khartoum, babban birnin Sudan, inda yaƙi ya rutsa da mu muna karatu, sai yanzu na samu natsuwar zama in yi rubutu. Duk wanda ya kira ko ya turo saƙo ban amsa ba don Allah ya yafe min, ba wulaƙanci ba ne, wallahi har yanzu in yara suka buga get ɗin gida da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Jiya aka yi saukar Alƙur'ani da 'yar walima a gidanmu a Tudun Wada, na ga mutanen da ban taɓa zaton za su zo ba, har da waɗanda suka taso tun daga Zariya da Rigasa da Mando, shi ya sa na ce bari in fito fili in yi godiya kowa ya gani.

Ranar Asabar ce 15 ga Afrilu 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi, na koma barci bayan asuba sai ƙarar harbi ta tashe ni wajen ƙarfe tara. Da farko mun ɗauka irin zanga-zangar da aka saba ce, hayaƙi mai sa hawaye da sauransu, zuwa la'asar an watse. Ashe sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan ne da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ƙarƙashin Hemedti suka kaure, kuma gidan da muke haya ba shi da nisa da filin wasanni na Madina Riyadiyya inda abin ya fara tashi. Wanda bai san Khartoum ba ba zai gane ba, filin jirgin sama a tsakiyar gari yake, hedikwatar sojoji tana manne da shi, gidajen mutane kuma sun kewaye su. Babu wani fagen daga can bayan gari, unguwa ita ce fagen dagar. 'Yan RSF su shigo layi da motocinsu na a-kori-kura masu bindiga a baya, su fake jikin gidaje, su hau saman bene, su kafa shinge a bakin titi, sojoji kuma su biyo su da jirgi ta sama, to wa ke tsakiya in ba mu ba. Mu huɗu ne a ɗaki, muka ja katifu zuwa lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki saboda nan ne kawai babu taga. Kwana na uku harsashi ya fasa tankin ruwan da ke saman gidan, muna zaune muna jin ruwan na zuba ta bango har ya ƙare, ba mai iya hawa.

Godiyata ta farko bayan ta Allah ga matar da ke ƙasanmu take, mai gidan, Haja muke ce mata. 'Yar Sudan ce, dattijuwa, ba ta haɗa komai da mu ba sai haya. Da wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, shaguna suka rufe, ita ta hawo da kanta ta ce mu sauko, bene ba wurin zama ba ne yanzu. Kwana da kwanaki muna falonta. Asida take tuƙawa da ɗan garin da ya rage mata, da ful, wato dafaffen wake, da abin shan nan nasu na azumi hilu-mur, ta raba mana daidai da jikokinta, wallahi na ga ranar da ta ce ita ta ƙoshi alhali dabino uku kawai ta ci. Ranar sallah, Juma'a 21 ga wata, ba idi ba kwalliya, amma sai da ta kwaɓa lalle ta sa mana a yatsu, ta ce 'ya'yan mutane ba za su yi sallah haka a gidanta ba. Na yi kuka ranar ba kaɗan ba. Ɗanta kuma shi ke fita da samarin kwamitin unguwa su nemo ruwa a jarka, shi ke kai wayoyinmu caji gidan wani mai sola, da wannan cajin nake samu in turo wa Umma kalma biyu, muna lafiya, ko da ba lafiyar muke ba.

Sai wani bawan Allah Bahaushen can, cikin 'yan uwanmu da kakanninsu suka tafi aikin hajji a ƙasa suka zauna a Sudan. Shi ya ɗauke mu a raksharsa, wato adaidaita sahu, ya kai mu Jami'ar Afirka inda ake tara 'yan Najeriya lokacin da aka ce an tsagaita wuta na awa 72, tsagaitawar da ba ta hana harbi ba. Shinge biyu muka wuce, yara ne ƙanana riƙe da bindiga, wani ko gemu bai fara ba, suka karɓi fasfo suna juyawa. Shi ya yi ta ba su baki da larabci har suka sake mu. Na miƙa masa kuɗi ya ce da Hausarsa mai daɗi, 'yata ki riƙe, hanya na da nisa.

Hanyar kam ta yi nisa. Ranar Laraba 26 ga wata bas ɗinmu ta tashi, sahara ba iyaka, ga zafi, a wani wuri direbobi suka kashe mota suka ce ba inda za su sai an cika musu kuɗinsu. Muka isa bodar Arƙin ta Masar muka yi kusan mako muna kwana a ƙasa ana jiran izinin shiga. Ba zan tsaya kan wannan ba, ya wuce. Daga birnin Aswan na Masar aka ɗebo mu a jirgi, daren Laraba 3 ga Mayu muka sauka Abuja. Ina godiya ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da suka yi ta rubuta sunaye ba barci, da ma'aikatan hukumar agajin gaggawa ta NEMA da hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta NiDCOM da na ofishin jakadanci, da Air Peace da sojojin sama da suka kwaso rukuninmu, da Max Air da Azman da suka kwaso na bayanmu.

Na gida kuma ban san ta ina zan fara ba. Baba, Allah ya ƙara girma, sai da na dawo Umma ke gaya min ko shagonku ba ku buɗe ba tun ranar da abin ya fara, kuna zaune da rediyo a kunne daga BBC zuwa DW zuwa RFI. Umma kin rame fiye da ni. Yaya da ya kwana biyu a filin jirgin Abuja yana jira, Kawu da ya sayar da ragunan da yake kiwo don babbar sallah ya turo kuɗin ta hannun wani ɗan canji, ga shi lokacin mutane ba su gama farfaɗowa daga wahalar canjin kuɗi ba. Gwaggo da matan islamiyyarsu da suka yi ta alƙunutu, limamin masallacin layinmu da bai bar ambatonmu a tahajjud ba, maƙwabtanmu Kiristoci na bayan layi da suka zo har gida suka ce wa Umma suna sa ni a addu'a a coci, ƙawayena na sakandare da suka haɗa min kayan sawa saboda da jaka ɗaya na fito, takarduna da littattafan shekara huɗu duk suna can. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya biya muku buƙatunku, ya jiƙan magabatanku.

Roƙona ɗaya ne, yadda kuka dage mana da addu'a kar ku saki mutanen Sudan. Mu an turo mana mota da jirgi, su ba inda za a kwashe su a kai su. Ranar da za mu tafi Haja ta rako mu bakin ƙofa ta ƙulle mana busasshiyar kisra, wata gurasarsu mai laushi kamar takarda, a leda, na ce ta zo mu tafi ta ce ina za ta da jikoki biyar. Saƙonta na ƙarshe ya shigo kwana shida da suka wuce, ɗanta ya ce 'yan bindiga sun shiga gidajen layin suna korar mutane, za su gwada fita zuwa garin Madani da ke kudu da Khartoum. Tun daga nan wayar ba ta shiga. Don Allah duk mai ɗan uwa a Madani ko wanda ke waya da mutanen can ya yi min magana ta inbos, zan ba shi sunanta da na unguwar ko Allah zai sa a dace.