Gardamar OOP a teburin mai shayi

Talata. Zafin Sakkwato yau ba a magana, ga wuta tun azahar da aka ɗauke shiru. Bayan magariba na leƙa wurin mai shayinmu a Mabera, na tarar da ƙanena ya duƙufa kan littafin Java, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, gobe jarrabawa.

Don tsokana na ce ya faɗa mini mene ne OOP, wato object-oriented programming, salon gina manhaja da ƙananan sassa masu hulɗa da juna. Ya zubo mini ginshiƙansa huɗu kamar hadda: aji (class, tsarin da ake ƙera sassan a kansa), gado (wani aji ya gaji halayen wani), ɓoye bayanai, da abu guda mai fuskoki da yawa. Na ce ai Alan Kay, masanin kwamfutar da ya raɗa wa abin suna, ba nan hankalinsa ya tafi ba. Ƙwayoyin halittar jiki ya hango, kowace ta riƙe sirrinta, ba ta hulɗa da 'yar'uwarta sai ta aika saƙo. Kan wannan tunani aka gina yaren Smalltalk a cibiyar bincike ta Xerox PARC cikin shekarun 1970. A 1997 ma ya fito fili ya ce ba yaren C++ ne a ransa ba lokacin da ya ƙirƙiro kalmar.

"Yaya, ai aji da gado sun riga Smalltalk zuwa duniya," in ji shi. Kuma gaskiyarsa. Yaren Simula 67 na Dahl da Nygaard a Norwe shi ya zo da su, daga can Stroustrup, wanda ya ƙirƙiro C++, ya ɗebo ya zuba a cikinsa. Yaron nan ashe yana karatu.

Sai na nuna masa mai shayi. Na ce in ka ce a haɗa maka mai kauri, ka taɓa cusa hannu a gwangwanin madararsa? Saƙo kawai kake aikawa, yadda zai auna sukari shi ta shafa.

Ya kurɓi shayinsa, ya ce, "To manhajar da ka rubuta wa shagon Baba fa?"

Nan bakina ya mutu. A cikinta kowane aji ƙofarsa a buɗe take. Daga waje nake ciro farashi, in yi lissafin rangwame, in mayar. Hannuna tsundum a gwangwanin, ga ni ina wa'azi.

Shi dai ya ce kan huɗun nan malaminsu zai ba da maki, ba kan shayi ba, na ce ya rubuta su yadda suke. Da na dawo gida na buɗe kwamfuta, na fara mayar da lissafin rangwamen cikin ajin kaya. Ban kai rabi ba caji ya ƙare.