Ƙwayoyin da suka zubo daga cikin katifa

Ƙannena da kuka fara aikin jinya a sashen masu taɓin hankali da kotu ke aikowa a tsare, bari in ba ku labarin abin da na yi a shekarata ta biyu.

Akwai wani bawan Allah mai ciwon sikizofireniya, wato taɓin hankalin da kan sa mutum jin muryoyin da babu su, da aka kawo bayan ya raunata maƙwabcinsa. Safe da yamma ina miƙa masa ƙwayar haloperidol, maganin ciwon nasa, ya kurɓi ruwa, ya ce na gode, ni kuma in sa alama a takarda in wuce. Sai da muryoyin suka dawo masa, ya hana kowa barci, mai shara ta ɗaga katifarsa, ƙwayoyi suka zubo, wasu har sun narke sun manne da soso. Ashe a kunci yake maƙale su.

Raina ya ɓaci, na rubuta a fayil cewa mai taurin kai ne. Wannan layin har yau yana damuna, domin irin wannan fayil shi ake dubawa idan za a rubuta wa alƙali rahoto, kuma a kan rahoton ake duba ko mutum zai koma gida.

Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Wata tsohuwar sista ce ta zauna kusa da shi ta ce, "Malam, me maganin nan yake yi maka?" Ya dafa wuyansa. Ya ce in ya sha, wuyan ya sandare, hannu na rawa, yawu na dalala, ƙafafu ba sa barinsa ya zauna wuri ɗaya, ko sallah ba ya iya yi cikin natsuwa. Duk waɗannan sanannun illolin maganin ne, mun karanta su a makaranta. Na gan su da idona, na ɗauka ciwon ne kawai.

Don haka ku tambaya kafin ku rubuta. Cikin masu ƙin shan magani, wani illa ce ta kore shi, wani ciwon ne ke hana shi yarda yana da ciwo, wani yana zaton guba ce. In azumi ya zo, ku roƙi likita ya daidaita lokacin sha. In ana maganar allurar da ke daɗewa a jiki, ku yi wa mutum bayani da harshensa, don dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ta ba majiyyaci haƙƙin sanin abin da ake yi masa.

Shi kam wancan bawan Allah, likita ya mayar da shi kan wani maganin daban, olanzapine. Bayan wasu makonni, da kansa yake zuwa tebur ya ce, "Lokaci ya yi."