Da kwanan wata nake tsara tafiyar baƙina zuwa Krabi

Da aikin kago na fara a Bankok, babban birnin Tailan. Shekara da shekaru ina ɗaure wa 'yan kasuwarmu kaya a Pratunam, riguna da takalma da jakunkuna, in auna, in rubuta suna, in tura. Wata rana wani alhaji daga Kantin Kwari ya gama sayayyarsa saura kwana huɗu jirginsa ya tashi, na same shi a masauki ya tasa talabijin a gaba, ba ya jin ko kalma ɗaya daga abin da ake faɗa. Ya dube ni ya ce, "Yanzu kai ƙasar nan tasu ba abin gani sai kasuwa?" Washegari na yanka mana tikiti zuwa Krabi. Daga wannan tafiya sana'ata ta biyu ta samo asali, yau ga shi ta kusa cinye ta farkon.

Kamfanin ba wani babba ba ne. Ni ne, da yara biyu a ofis, da wata baiwar Allah 'yar ƙasar mai lasisin jagorar baƙi. Ba ita ba aiki, domin a dokar Tailan jagorancin masu yawon buɗe ido sana'a ce da aka keɓe wa 'yan ƙasa. Nawa shi ne tsara tafiya, kama masauki, tafinta, da lallashin wanda ya tsorata.

Krabi lardi ne a kudancin ƙasar, a bakin tekun Andaman. Ta jirgin sama daga Bankok bai kai awa ɗaya da rabi ba, ta mota kuwa kusan kilomita 800 ne, sai a kwana a hanya. Ana yawan tambayata me ya sa ba na kai mutane Pattaya, tunda ta fi kusa. Amsar ita ce abinci da sallah. Musulmi suna da yawa ƙwarai a Krabi, yawancin masu tuƙa kwalekwale ma Musulmi ne, ana kiran babba a cikinsu "Bang", wato yaya. A Ao Nang, inda muke sauka, ga masallaci nan a bakin babban titi, ga mata masu hijabi suna soya roti, ga shinkafar da suke kira khao mok, dafa-duka ce da kaza mai kurkur. Bahaushe in ya ji kiran sallah kuma ya ci ya ƙoshi ba tare da tambayar wa ya yanka ba, rabin aikinka ya ƙare.

Ɗaya rabin yana hannun teku, kuma ban gane haka ba sai da na sha kunya.

Akwai wani wuri da ake kira Thale Waek, ma'anarsa tekun da ya rabe. Ƙananan tsibirai ne kusa da juna, Tup da Mor da wanda ake ce wa tsibirin Kaza saboda wani dutse da ya miƙe kamar wuyan kaza. In ruwa ya janye, sai wata doguwar hanyar farin rairayi ta fito, mutum ya taka da ƙafa daga wannan tsibiri zuwa wancan, teku dama teku hagu. A shekarata ta farko na cika wa wasu baƙi bakwai baki da labarin wurin tun daga Bankok. Muka isa wajen ƙarfe sha ɗaya, ba komai sai ruwa shuɗi shimfiɗe. Wata hajiya ta leƙa ta ce, "To ɗana, ina hanyar take?" Na juya wajen mai kwalekwalen, ya nuna ƙasa da yatsa yana murmushi. Hanyar tana nan, ruwa ne ya rufe ta har iya ƙirji. Tun da safe ya sani, amma ban tambaye shi ba, shi kuma ba ya gyara wa wanda ya biya kuɗi magana.

Da yamma muna shan shayi ya zaunar da ni ya yi min karatu. Teku na cika ya janye sau biyu a yini, kuma lokacin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum yana jinkirtawa da kusan minti 50. Janyewar ta fi ƙarfi idan wata ya cika, da kuma lokacin da ya ɓuya zai tsaya. Na ce ashe kalandar da ke rataye a ɗakina ce maganin. Tun daga ranar, in baƙo ya kira ya ce zai zo ranar kaza ga Janairu, kafin in buɗe shafin masauki sai na duba nawa ga watan Musulunci. In ta faɗa wajen 14 ko 15, ko ƙarshen wata, na san zan nuna masa abin da zai ba jikokinsa labari. In ta faɗa 7 ko 22, sai in canza tsari tun da wuri in rufe bakina.

Kwalekwalen nasu na katako ne, da injin mota a baya da doguwar sanda mai farfela a ƙarshenta, ƙara kamar injin markaɗe. Sau da yawa ba gadar hawa, sai an naɗe wando an shiga ruwa. Mutanenmu kuwa yawancinsu ba su iya iyo ba, wani ma Tiga ce iyakar ruwan da ya taɓa gani. Don haka doka ɗaya ce ba na sassautawa ko ga wa, rigar ruwa mai hana nutsewa. Na taɓa tsayawa kusan rabin awa da wani attajiri da ya ce ba zai ɗora ta kan shaddarsa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ba ka sa ba ni ma ba zan hau ba." Ya sa. Da igiyar ruwa ta fara ɗaga mu kusa da tsibirin Poda, shi ya fara neman a ƙara ɗaure masa igiyar.

Railay kowa yana sonta. Ba tsibiri ba ce, a manne take da ƙasa, amma dogayen duwatsun da suka kewaye ta sun hana mota shiga, sai ta ruwa, minti goma sha biyar daga Ao Nang. Turawa na zuwa hawan duwatsun da igiya, mu namu kallo. Akwai wani kogo a gefen rairayin Phra Nang inda masunta ke ajiye sassaƙe-sassaƙen neman sa'a, siffarsu ba ta dace a gani tare da iyali ba, sai in kewaye da baƙina ta ɗaya gefen.

Wat Tham Suea, wurin ibadar mabiya Buda da ake kira Kogon Damisa, yana da matakala 1,260 zuwa ƙololuwar dutse. Daga sama ana hango gonakin kwakwar manja da na roba har bakin teku. Na hau sau uku, ya ishe ni. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ba na barinsa ya gwada. A ƙasa kuma birai ne, ɓarayi na gaske, leda in ta yi ƙara a hannunka ta zama tasu.

Maya Bay da ke tsibiran Phi Phi ita ce matasa suka fi nema, saboda hotunanta da suke gani a Instagram. Wani fim da ya fito a 2000 ne ya jawo mata jama'a, har cunkoso ya lalata murjanin da ke ƙarƙashin ruwan. Hukuma ta rufe ta a 2018, ba a sake buɗewa ba sai Janairun 2022, kuma yanzu an hana iyo a ciki, kwalekwale ma ta baya yake tsayawa. Wurin yana da kyau, ba ƙarya. Amma a ganina wahalar tafiyar da turmutsutsun sun fi abin da ake samu, musamman ga dattijai.

Inda na fi jin daɗin kai mutane ba shi da suna a duniya. Koh Klang ke nan, ƙauyen Musulmi a tsallaken kogi daga garin Krabi, 'yan mintuna ne a kwalekwale. Ba mota sai babur, ga gonakin shinkafa, ga awaki, ga yara suna dawowa daga makarantar addini. Mata suna rina zane da kakin zuma, hajiyoyinmu kan tsaya su yi ta kwatanta shi da rinin Ƙofar Mata.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar ta wata shida ce. Daga Nuwamba zuwa Afrilu teku na kwance, masauki na tsada. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce da iska, farashi ya faɗi, amma za ka iya biyan kwalekwale ka wayi gari an kafa jar tuta an hana fita. Irin wannan rana sai in juya da baƙi cikin ƙasa, zuwa Sa Morakot, wani tafki kore shar a cikin daji a Khlong Thom, da maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke kusa da shi. Akwai kuɗin shiga tsibiran da ke ƙarƙashin hukumar gandun daji, kuma tun farko nake saka shi cikin lissafi, don ba abin da ke ɓata ciniki kamar a ce wa mutum ya ƙaro kuɗi yana tsakiyar ruwa. Masu tasowa daga Najeriya kuma ina tuna musu takardar NDLEA da ake nema kafin biza, su fara da ita.

Sallar azahar kan same mu a Poda. Mukan haɗa ta da la'asar, mu yi ƙasaru a ƙarƙashin bishiyoyi. Kusan kowace tafiya sai an samu wanda ya shimfiɗa dardumarsa ya kalli gabas yadda ya saba a gida. A nan Makka tana yamma da mu. Wani dattijo daga Zinder ya ƙi yarda ko da na nuna masa a waya, sai da Bang ya fito daga kwalekwale ya yi alwala, ya tsaya yana fuskantar inda rana za ta faɗi. Dattijon ya ɗan yi shiru, ya ja dardumarsa ya juya ta, ya ce wa Bang da hannu ya shige gaba.