Douglas Clark, ɗan mai sayar da gawayin kwal da ya ƙi barin fili

A wasan ragbi na 'yan wasa goma sha uku, yabo yakan tafi ne ga masu tsere da ƙwallo, su kuwa 'yan gaba, waɗanda suke cusa kai cikin turereniya su sha duka domin ƙwallon ya fito, ba kasafai ake tunawa da su ba. Wannan ne ya sa na daɗe ina son in yi rubutu a kan Douglas Clark.

An haife shi a 1891 a Ellenborough, kusa da Maryport a yankin Cumberland na arewacin Ingila, kuma tun yana yaro yake taya mahaifinsa dakon buhunan kwal, yana kuma koyon kokawar gargajiyar yankinsu. Da wannan ƙarfin ya shiga ƙungiyar Huddersfield a 1909. A garin ne aka kafa wasan kansa a 1895, lokacin da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle daga hukumar ragbi ta ƙasar saboda an hana su biyan ma'aikata kuɗin ranar aikin da suka rasa don yin wasa. Clark ya buga wa ƙungiyar wasanni 485, kuma yana cikin waɗanda suka kwashe kofuna huɗu duka a kakar 1914 zuwa 1915 ƙarƙashin jagorancin Harold Wagstaff.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasan ranar 4 ga Yuli, 1914 a Sidni, inda Birtaniya ta kara da Ostireliya a karo na uku, bayan kowace ta ci wasa ɗaya. A zamanin ba a sauya wanda ya ji rauni. Clark ya karye a babban yatsa, aka ɗaure masa ya ci gaba, daga baya ya sami mummunan rauni a kafaɗa, ya yi ta ƙoƙarin komawa har abin ya gagara, ya bar filin yana hawaye. Wasu biyu ma suka fita da rauni, amma abokansa goma da suka rage suka yi nasara da maki 14 da 6. A ganina hawayen nan ya fi kowane kofi bayyana irin mutumin da yake.

A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɓaraguzan bam suka farfasa masa jiki a fagen yaƙin Passchendaele da ke Beljiyam, ya kuma shaƙi iska mai guba, aka ba shi lambar yabo ta jarumta, likitoci suka shawarce shi da ya haƙura da wasa. Bai haƙura ba. A 1920 ya sake cin Kofin Ƙalubale, ɗaya daga kofunan nan huɗu, da Huddersfield, aka kuma sake zaɓensa cikin tawagar da ta tafi Ostireliya. Da ya ajiye ƙwallo sai ya mayar da hankali ga kokawa, ya yi suna a cikinta har ya manyanta. Ya rasu a 1951, sai a 2005 aka sanya sunansa a zauren gwarazan wasan, shekara 54 bayan rasuwarsa.